Tarihin Afisa: Garin Girkawa da Teku Ta Janye Ta Bari, da Kujerar Bishop Ɗinsa

Yau zan kawo mana tarihin wani tsohon gari na Girkawa mai suna Afisa. Turkawa suna ce masa Efes, Larabawa kuma Afsus. Wanda ya saba zama wurin tafsirin Suratul Kahfi zai iya tuna ya taɓa jin malam ya ambaci Afsus da wani sarki Daƙyanus. Maƙwabtanmu Kirista kuwa, da muke zaune da su a nan kudu, suna da wasiƙa guda a littafinsu mai suna Afisawa, wato mutanen wannan gari. Ka ga ke nan sunan yana yawo a kunnen ɓangarorin biyu, amma kaɗan ne suka san inda garin yake da abin da ya same shi. Ni abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na wanda ya tashi a gidan fataucin shanu, shi ne gari ne na kasuwa, hanya ce ta raya shi, kuma toshewar hanya ce ta kashe shi.

Inda garin yake

Kangon Afisa yana yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, a lardin Izmir, kusan kilomita 3 daga wani ƙaramin gari mai suna Selcuk, kuma kusan kilomita 80 kudu da birnin Izmir. Kar ka yi mamakin jin garin Girkawa a Turkiyya. A zamanin da, Girkawa sun zauna a gaɓar tekun Ejiyan ta gabas da ta yamma duka. Turkawa sun shigo yankin ne daga baya can, bayan shekara ta 1071.

An gina garin a bakin wani kogi da Girkawa ke kira Kayista, Turkawa kuma yanzu suke kira Kucuk Menderes. A inda kogin ke shiga teku akwai lungu mai kyau da jiragen ruwa za su fake. Ta bayan garin kuma hanyoyin ayari suna shiga cikin ƙasa har zuwa Sardis, daga can su miƙe gabas. Duk kayan da ya fito daga ciki a nan ake loda shi a jirgi, wanda ya zo ta ruwa kuma a nan ake sauke shi. Arzikin Afisa ke nan tun farko.

Yadda aka kafa shi

Tun kafin Girkawa akwai mutane a wurin. Rubuce-rubucen Hittiyawa sun ambaci wani gari Apasa, hedikwatar ƙasar Arzawa, kuma masana da yawa suna ganin shi ne asalin sunan. Girkawa 'yan ƙabilar Iyoniya sun iso wajen ƙarni na 10 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A tatsuniyarsu, jagoransu Androkulos ne, ɗan sarkin Atina. Wai bokan Delfi ya ce masa kifi da gursunu za su nuna masa inda zai kafa gari. Suna gasa kifi a bakin ruwa sai kifin ya faɗo da garwashi, ciyawa ta kama, gursunu ya fito da gudu daga cikin jeji, Androkulos ya bi shi ya kashe, ya ce to nan ne wurin. Tatsuniya ce dai, amma su sun riƙe ta har sun sassaƙa ta a jikin gini.

Afisa ya zama ɗaya daga cikin garuruwa 12 na ƙungiyar Iyoniya. A nan aka haifi masanin falsafa Heraklitus, wanda ya rayu wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya. Shi ne mai ra'ayin cewa komai na duniya canzawa yake yi, har ya buga misali da ruwan kogi, wanda ka taka ɗazu ba shi za ka sake takawa ba.

Ɗakin Artemis: wurin bauta kuma banki

Abin da ya fi sa garin suna shi ne ɗakin bautar wata gunkiya mai suna Artemis. Sarki Kurosus na Lidiya, wanda ake buga misali da dukiyarsa, ya ci garin wajen shekara ta 560 kafin Miladiyya, kuma ya ba da kuɗin ginshiƙai da yawa na ginin. Gutsattsarin wasu ginshiƙan masu ɗauke da sunansa suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan har yau.

A shekara ta 356 kafin Miladiyya wani mutum mai suna Herostratus ya cinna wa ginin wuta, don kawai a riƙa ambaton sunansa. Aka kashe shi, aka hana kowa faɗin sunan, amma ga shi yau ni da kai muna faɗa. Mutanen garin suka sake gina wanda ya fi na da. Marubucin Rumawa Filini ya ce ginshiƙansa 127 ne, kowanne tsawonsa ya kai kusan mita 18. Shi ya sa aka lissafa shi cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. Da Iskandari sarkin Makidoniya ya iso a shekara ta 334 kafin Miladiyya, ya nemi ya biya kuɗin aikin a rubuta sunansa a jiki. Mutanen Afisa ba su so, amma wa zai ce wa Iskandari a'a kai tsaye? Sai suka yi masa daɗin baki, suka ce ai bai dace abin bauta ya gina wa wani abin bauta ɗaki ba. Da haka suka zame.

Wurin ya wuce na bauta kawai. Sarakuna da attajirai suna kai ajiyar kuɗi can, saboda an yi imani ba mai taɓa kayan gunkiyar. Yana da gonaki da dabbobi, yana ba da rance, kuma mai laifi in ya shiga harabarsa ba a kama shi. Masu tono sun samu tsabar kuɗi na gaurayen zinariya da azurfa a ƙarƙashin ginin a shekarun 1904 da 1905, kuma suna cikin mafi tsufan kuɗin ƙarfe da aka sani a duniya. Kuɗin da garin ya buga daga baya, ƙudan zuma ne a fuska ɗaya, barewa a ɗaya fuskar. Gunkin kansa yana da wasu ƙulle-ƙulle jere a ƙirji. Wasu masana sun ce nonuwa ne, wasu ƙwai, wasu kuma suka ce marainan bijiman da ake yanka mata ne ake ratayawa.

Daga hannu zuwa hannu

Bayan Kurosus, Farisawa suka karɓi garin wajen shekara ta 546 kafin Miladiyya, suka riƙe shi, da ɗan katsewa, har zuwan Iskandari. Bayan mutuwar Iskandari, ɗaya daga cikin kwamandojinsa, Lisimakus, ya ga tsohon mazaunin garin ya zama fadama, tashar kuma tana cikewa. Wajen shekara ta 290 kafin Miladiyya ya gina sabon gari a tsakanin duwatsu biyu, ya zagaye shi da ganuwa ta kusan kilomita 9. Mutane suka ƙi tashi, kowa ya san yadda tashin kasuwa yake. Marubuci Sitarabo ya ce sai Lisimakus ya jira aka yi ruwa mai ƙarfi, ya sa aka toshe magudanai, ruwa ya ci gidaje, dole suka koma. Ya sa wa sabon garin sunan matarsa Arsinowe, amma yana mutuwa tsohon suna ya dawo. Wannan gari na Lisimakus shi ne kangon da masu yawon buɗe ido suke gani yau.

A shekara ta 133 kafin Miladiyya sarkin Fargamum, Attalus na Uku, ya mutu ya bar wa Rumawa ƙasarsa a wasiyya, har da Afisa. Rumawa da mutanen Italiya suka cika garin, wasu 'yan kasuwa, wasu masu ba da bashi da ruwa, wasu 'yan kwangilar karɓar haraji. Masu harajin nan sun matse jama'a ƙwarai. A shekara ta 88 kafin Miladiyya sarkin Fontus, Mitridates, ya mamaye yankin, ya aika wa garuruwa umarni a ɓoye cewa a rana guda a kashe duk wani ɗan Rum da ɗan Italiya, har mata da yara. Tsofaffin littattafai sun ce mutum 80,000 aka kashe a yankin gaba ɗaya. A Afisa, waɗanda suka gudu cikin ɗakin Artemis ma jawo su aka yi aka kashe. Duk wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba zai ji wannan labari a jikinsa: laifin 'yan kwangila ne, amma da wuta ta tashi ba a tambayi waye mai karɓar haraji waye mai sayar da mai ba. Garin ma bai ci riba ba, don janar Sulla ya dawo da sojojin Rum ya ɗora wa yankin tara mai nauyi, wadda suka daɗe suna biya da bashi.

Zamanin da garin ya fi haske

A zamanin sarki Augustus, Afisa ya zama mazaunin gwamnan lardin Asiya. Ƙarni biyu da suka biyo baya su ne ganiyarsa. A da ana cewa mutanensa sun kai 250,000, masana na baya-bayan nan kuma suna ganin adadin bai kai haka ba. Ko ma dai yaya ne, yana cikin manyan biranen daular. Dandalin wasansa yana ɗaukar mutum wajen 24,000 zuwa 25,000. Akwai bututun ruwa daga duwatsu, gidajen wanka, bayan gida na jama'a mai ruwa yana gudu a ƙarƙashi, da gidajen attajirai a jikin tudu masu zane a bango. Akwai ɗakin karatu na Selsus, wanda ɗansa Akila ya gina a kan kabarinsa a farkon ƙarni na 2, mai ɗaukar naɗaɗɗun littattafai kusan 12,000. Gabansa ne hoton da aka fi sani na Afisa a yau, kuma sake tayar da shi aka yi tsakanin 1970 da 1978 daga duwatsun da suka zube.

Zuwan Kiristanci da boren maƙera

Bulus, mai wa'azin Kirista, ya zauna a Afisa wajen shekara biyu zuwa uku, tsakanin shekarun 52 da 55 Miladiyya. Akwai Yahudawa mazauna garin da majami'arsu, a can ya fara. Littafin Ayyukan Manzanni na Kirista ya ba da labarin wani maƙerin azurfa, Dimitiriyas, mai ƙera ƙananan siffofin ɗakin Artemis yana sayar wa masu ziyara. Ya ga wa'azin Bulus, cewa abin da hannu ya ƙera ba abin bauta ba ne, zai kashe musu ciniki. Ya tara 'yan sana'arsa, gari ya ruɗe, aka kama abokan tafiyar Bulus biyu aka ja su zuwa dandalin nan, jama'a suka yi ta ihu wajen awa biyu. Magatakardan gari ne ya kwantar da tarzomar. Ya ce musu kotu a buɗe take, mai ƙara ya kai ƙara, in ba haka ba Rumawa za su tuhumi garin da tawaye. Jama'a suka watse. In ka lura da kyau, da sunan addini aka yi ihun, amma aljihu ne ya fara magana.

A al'adar Kirista, Timoti almajirin Bulus shi ne bishop na farko a Afisa. Suna kuma cewa Yohanna, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS), a nan ya ƙare rayuwarsa, aka binne shi a kan wani tudu kusa da garin. Afisa ce ta farko a jerin ikilisiyoyi bakwai na Asiya da littafin Wahayi ya ambata.

Kujerar bishop

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai saba ba. Bishop shi ne shugaban coci-cocin wani gari da kewayensa. Bishop na babban birnin lardi kuma yana gaba da sauran, shi ke jagorantar taronsu da naɗin sababbi. Tunda Afisa ce hedikwatar lardi, kuma tana taƙama da Bulus da Yohanna, kujerarta ta zama babba a duk yammacin Asiya Ƙarama.

A farkon ƙarni na 2, Ignatiyus na Antakiya ya ambaci bishop ɗin garin mai suna Onisimus a wasiƙarsa. Wajen shekara ta 190 aka yi wani mai suna Folikrates, wanda ya ja da Fafaroma Bikto na Rum a kan ranar bikin Ista. Mutanen Asiya suna yi ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa ko wace rana ta kama, Rum kuma ta ce sai Lahadi. Folikrates ya rubuta cewa mutum bakwai a danginsa sun yi bishop, shi ne na takwas, kuma ba zai bar abin da ya gada ba. Wannan ya nuna maka tun lokacin kujerar tana jin kanta.

Inda girma da kuɗi suke kuwa, sai ka samu rigima. Wajen shekara ta 400 aka kai ƙarar bishop Antoninus cewa yana sayar da muƙamai. Kafin a gama bincike ya mutu. Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniyya, ya zo Afisa da kansa a 401, aka sauke bishop shida da suka amsa cewa sayen kujerunsu suka yi, aka ce magadan Antoninus su mayar musu da kuɗinsu. Gyara ne, amma mutanen Afisa sun ga wani abu daban: babban birnin daula ya fara sa hannu a harkarsu.

Taruka biyu da suka raba Kirista

A shekara ta 431 sarki Tiyodosiyus na Biyu ya kira babban taron bishop-bishop a Afisa. Aƙidarmu ta Musulmi game da Annabi Isa (AS) sananniya ce, a nan labarin abin da ya faru tsakaninsu kawai nake kawowa. Rigimar a kan laƙabin Maryam ce. Siril na Iskandariyya da magoya bayansa suna kiranta da kalmar Girkanci Tiyotokos, wato wadda ta haifi Allah a fahimtarsu. Nestoriyus na Kustantiniyya ya ce a tsaya a Kiristotokos, wato wadda ta haifi Almasihu. Bishop ɗin Afisa na lokacin, Memnon, yana bayan Siril, har ya rufe wa Nestoriyus ƙofofin coci-cocin garin.

Siril ya buɗe taron ranar 22 ga Yuni a cocin Maryam, bai jira Yohanna na Antakiya da mutanensa ba, suna hanya. A rana guda aka tsige Nestoriyus, bishop wajen 200 suka sa hannu. Da Yohanna ya iso bayan 'yan kwanaki, ya yi nasa taron ya tsige Siril da Memnon. Sarki ya rasa ta cewa, ya sa aka tsare duka ukun. A ƙarshe Siril da Memnon suka koma kujerunsu, Nestoriyus kuma aka kore shi, ya mutu a gudun hijira a Masar. Cocin Gabas, na Iraƙi da Farisa, bai yarda da hukuncin ba, kuma rabuwar tana nan har yau.

A 449 aka sake wani taro a garin ƙarƙashin Diyoskorus na Iskandariyya. An shigo da sojoji, an tilasta wa mutane sa hannu, an wulaƙanta Filabiyan na Kustantiniyya, bai daɗe ba ya mutu. Fafaroma Liyo ya kira taron da sunan taron 'yan fashi, sunan kuma ya bi shi. Bayan shekara biyu, a 451, taron Kalsidon ya rushe hukuncinsa. A wannan taro ne Afisa ta yi babbar asara. Mutum biyu, Basiyanus da Istifanus, kowa yana cewa shi ne halastaccen bishop na garin. Aka sauke su duka, aka yanka wa kowanne tsabar zinariya 200 a shekara. Sannan doka ta 28 ta taron ta sa yankin Asiya gaba ɗaya a ƙarƙashin Kustantiniyya. Daga nan Afisa ta zama ta biyu a jerin manyan kujerun da ke ƙarƙashin Kustantiniyya, bayan Kaisariya ta Kafadokiya. Rigimar cikin gida ce ta ba na waje ƙofa.

Duk da haka martabar ziyara ba ta ragu ba. A ƙarni na 6 sarki Jastiniyan ya gina ƙaton coci a kan kabarin da ake cewa na Yohanna ne.

Maganar Ashabul Kahfi

Kirista suna da labarin samari bakwai na Afisa da suka ƙi bautar gumaka a zamanin sarki Desiyus, wajen shekara ta 250. Suka ɓuya a kogo, barci ya ɗauke su, suka farka a zamanin Tiyodosiyus na Biyu, wanda ya yi mulki daga 408 zuwa 450. Ɗayansu ya shiga gari sayen burodi da tsohon kuɗi, mai sayarwa ya zaci taska ya tono. Yakubu na Saruj ya rubuta labarin da Suriyanci wajen shekara ta 500. Desiyus ɗin nan shi ne Daƙyanus da wasu masu tafsiri ke ambata.

Sai dai a kula. Alƙur'ani bai ambaci sunan garin ba, bai ambaci sunan sarkin ba, kuma shekarun da ke cikin surar, 309, sun fi tazarar da ke tsakanin sarakunan biyu na labarin Kirista, wadda ba ta wuce wajen 200 ba. Akwai wasu wurare da su ma ake cewa nan ne kogon, kamar Tarsus da Afshin a Turkiyya, da wani wuri kusa da Amman a Jodan. A Afisa, masu tono sun samu coci da ɗaruruwan kaburbura a jikin dutsen a 1927 da 1928, alamar cewa mutane sun daɗe suna son a binne su kusa da wurin. Allah ne mafi sani.

Yadda tashar ta cike

Yanzu ga abin da ya kashe garin. Kogin Kayista kullum yana kwaso laka da yashi daga tuddai yana zubawa a bakin teku. Tun zamanin Attalus na Biyu aka gina wata katanga a bakin tashar don a ƙara mata zurfi, sai ta hana igiyar ruwa kwashe lakar, abin ya ƙara lalacewa. A zamanin sarki Nero wani gwamna ya sa aka yashe tashar. Sarki Hadiriyan ya karkatar da kogin. A tsakiyar ƙarni na 2 wani gwamna ya kafa doka a rubuce a jikin dutse, ya hana jibge katako da yankan dutse a bakin tashar, don ƙurar tana ƙara cike ta. Muddin akwai gwamnati mai kuɗin yasa, tasha tana aiki. Da daula ta raunana, laka ta yi nasara.

Sauran masifu suka taru a kai. Wajen 262 Gotawa suka zo ta ruwa suka washe ɗakin Artemis suka ƙone. Girgizar ƙasa ta rushe wani ɓangare na garin a farkon ƙarni na 7. Rundunonin Musulmi sun kai hari yankin a ƙarƙashin Mu'awiya, wajen 654 zuwa 655, da kuma farkon ƙarni na 8. Tashar ta zama fadama, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya addabi mutane. A hankali suka koma kan tudun cocin Yohanna, inda akwai ganuwa. Yau daga ƙarshen titin da ke zuwa tsohuwar tasha, titi mai tsawon kusan mita 500 da aka shimfiɗa da marmara, sai ka yi kusan kilomita 5 kafin ka ga teku.

Ayasuluk

Sabon mazaunin ya ɗauki suna daga laƙabin Yohanna a Girkanci, Ayos Tiyologos, wanda a bakin Turkawa ya koma Ayasuluk. Turkawa sun riƙe shi na ɗan lokaci wajen 1090, Rumawan gabas suka ƙwace, sannan a 1304 ya koma hannun Turkawa gaba ɗaya. A ƙarƙashin sarakunan gidan Aydin garin ya sake farfaɗowa, 'yan kasuwar Benis da Jenowa suna zuwa sayen hatsi da sauran kaya. Masallacin Isa Bey, da aka gina a 1375, yana tsaye har yanzu a gindin tudun. Ibn Battuta ya ziyarci garin a farkon shekarun 1330, ya kuma yaba babban masallacinsa wanda a da coci ne. Shi ne dai matafiyin da ya iso Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar can.

Usmaniyawa suka karɓi garin a 1390, Taimur ya ƙwace a 1402, ya dawo hannunsu wajen 1425. Amma ciniki ya riga ya koma Izmir da Kushadasi, masu tasha mai zurfi. Ayasuluk ya zama ƙauye. A 1914 aka sa masa suna Selcuk.

Ƙarshen kujerar

Kujerar bishop ta fi garin tsawon rai. Matiyu, wanda aka naɗa a 1329, ya yi kusan shekara goma kafin ya samu izinin shiga garin, ya tarar da mabiya kaɗan da talauci. Markus Ewujenikos, babban bishop na Afisa, ya yi suna a taron Fulorans na 1439, inda aka nemi haɗe cocin Girkawa da na Rum. Shi ne ya tsaya ya ƙi sa hannu, kuma da wakilan suka koma gida jama'a bayansa suka bi, haɗin bai ɗore ba.

A zamanin Usmaniyawa masu riƙe da sarautar sun koma zama a Manisa, daga baya a wata unguwa kusa da Izmir, amma suna amsa sunan Afisa. Ƙarshen abin ya zo bayan yaƙin Girka da Turkiyya. A 1922 Girkawa suka sha kashi, a 1923 kuma aka ƙulla yarjejeniyar musayar jama'a a Lozan. Kirista 'yan Otodoks sama da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka. Addini aka duba, ba harshe ba, kuma da yawansu ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce ita ce tasu ba. Babban bishop na Afisa na lokacin, Kirisostomos, ya koma Girka, har ya zama babban bishop na Atina daga 1962 zuwa 1967. Cocin Katolika ma yana da Afisa a jerin kujerun suna kawai, wato sarautar garin da babu mabiya a cikinsa, wadda akan ba bishop mai aiki a wani wuri, kamar jakadan Fafaroma.

Abin da ya rage yau

Wani Bature ɗan Ingila, John Turtle Wood, wanda ya zo aikin layin dogo, ya fara neman ɗakin Artemis a 1863. Shekara shida yana tono, sai ranar ƙarshe ta 1869 ya same shi a ƙarƙashin laka mai zurfin kusan mita 6. Masanan Ostiriya suka karɓi aikin a 1895, suna kai har yanzu. A 2015 hukumar UNESCO ta sa Afisa cikin wuraren tarihi na duniya. A kan dutsen da ke kudu da kangon akwai wani ƙaramin gida da aka gano a 1891, wanda wasu ke cewa Maryam ta zauna a ciki. Fafaroma uku sun ziyarce shi, a 1967 da 1979 da 2006, Musulmin Turkiyya ma suna zuwa. Mutanen Selcuk kuwa, ban da baƙin yawon buɗe ido, an san su da bikin kokawar raƙuma da suke yi duk watan Janairu.

Daga ginshiƙai 127 na ɗakin Artemis, guda ɗaya ne a tsaye, shi ma harhaɗa shi aka yi daga gutsattsari, shamuwa tana sheƙa a kansa. Ba rana ɗaya aka ci Afisa da yaƙi ba. Laka ce ta yi ta taruwa kaɗan-kaɗan shekara ɗaruruwa, har jirgi ya daina isowa, ɗan kasuwa ya bi jirgi, bishop ya bi jama'a. Wanda duk abincinsa ke kan hanya da kasuwa ya san ma'anar wannan. Allah ya sa mu amfana da tarihin waɗanda suka gabace mu, amin.